Zaɓe a Kicin ɗin Yaya Azumi

Mijin yayata, Bashari Talle, bai taɓa taka ƙasar Ingila ba, Amurka kuwa ko bizarta bai taɓa nema ba. Amma ka tashe shi daga barcin rana ka tambaye shi wace jam'iyya ce ke gaba a wata jiha ta Amurka, zai gaya maka da maki nawa, ya ƙara maka da ranar da aka yi ƙidayar, sannan ya juya ya ci gaba da barcinsa. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a Riyadh yana aikin gwajin jini a wani asibiti, yana zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Malaz. Ni ƙanwar matarsa ce, sunana Sauda, nas ce ni, kuma shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan. Don haka ina da ikon faɗin alherinsa, ina kuma da ikon tsokanarsa, tunda wasa ne tsakaninmu tun ina firamare.

Abin da zan ba da labari shi ne shekarar da ya bar Riyadh, da yadda mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin diddigin abin da ke zuciyar Turawa ya kusa ɗaure kayansa bai san abin da ke zuciyar matarsa ba. Amma sai na fara faɗin inda ciwon ya kama shi.

A Funtua ne, a 1992, yana sabon ma'aikaci, ba mata, ba talabijin, sai 'yar rediyo da yake ratayawa a ƙusa. A shekarar aka yi zaɓe a Ingila. Masu ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a suka yi ta cewa jam'iyyar Leba ce za ta ɗan rinjaya, ko a yi kankankan. Da aka ƙirga sai ga Kwanzabatib ta yi gaba. Daga baya ya ji ana bayani cewa akwai mutane da yawa da suka ji nauyin faɗa wa mai tambaya gaskiyar wanda za su zaɓa, suka faɗi wani abu, suka shiga rumfa suka yi wani. Yaya Bashari ya ce a ranar ya kasa cin tuwo don mamaki.

"Ashe Bature ma yana jin kunya?" Haka yake maimaitawa duk lokacin da ya ba da labarin, kuma na ji labarin ya fi sau ɗari.

Tun daga nan bai warke ba. Shi a ganinsa aikinsa da na masu ƙidayar ra'ayi ɗaya ne. Yakan ce ba sai ya tsiyaye jinin mutum duka ba kafin ya san yana da zazzaɓi, ɗan sirinji guda ya isa, in dai an ɗebo shi daidai. Mutum dubu ɗaya za su faɗa maka abin da miliyan sittin ke nufi, amma fa in ka ɗebo su duk daga unguwa ɗaya, ka ɓata samfur, sai dai ka zubar ka sake. Yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta alƙaluma a ciki, in ya cika ya sayi irinsa. Abin dariyar shi ne rabonsa da dangwala yatsa a takardar zaɓe tun 2003, don wanda ke waje ba ya zaɓen Najeriya, nan kuma inda muke zaune ba a san wata jam'iyya ba. Na taɓa ce masa ya zama kamar mai azumin da ke yawo a kasuwar 'yan tsire yana tambayar farashi. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai kallon ma lada ne.

Sunansa ya fita a cikin Hausawan Riyadh a azumin 2016, lokacin da Birtaniya za ta yi ƙuri'ar raba gardama a kan ficewa daga Tarayyar Turai. A asibitinsu akwai Turawan Ingila tara, likitoci da nas-nas. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin shan shayi yana tambaya, kusan dukkansu suka ce zama za su zaɓa. Da wani ne, da a nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya koma ya sake bin su da wata tambayar daban: mahaifiyarka da ke can gida fa, me za ta zaɓa? Shida suka sosa kai suka ce ficewa. Ranar Juma'ar da ta gabaci zaɓen, a wurin hutawar da mazanmu ke haya a gefen gari su ci shinkafar kabsa ta Larabawa su yi musu, ya miƙe ya ce Ingila za ta fice. Injiniyoyi da likitoci da ma'aikatan ofishin jakadanci suka yi masa ca, wani ma ya ce azumi ne ya taɓa shi. Bayan mako guda su ne ke kiran wayarsa suna ce masa Farfesa.

Bai daɗe a kan kujerar ba. A zaɓen Amurka na ƙarshen shekarar ya bi alƙaluma ido rufe, ya ce Dimokurat ta gama cinyewa, kowa ya je ya kwanta. Rifablikan ta ci. Wata guda na yi ina gaishe shi da "Farfesa, ya jiki?" Bai taɓa yin fushi ba, don ba shi da zafi ko kaɗan, ni ce mai zafin. Ya dai koma littafinsa ya zauna da shi kwana da kwanaki, ya fito da dokoki biyu da ya riƙa karanta wa duk wanda tsautsayi ya sa ya zauna kusa da shi. Kada a tambayi mutum a gaban wanda yake jin nauyinsa. Kuma mai tambaya kada ya zama yana da abin da yake so a ce masa, don mutane suna karanta fuska kafin su ba da amsa.

Yayata Azumi ba ruwanta da duk wannan. Irin matan nan ce da in ka taka mata ƙafa ita za ta ce maka sannu. Dambun nama take yi wa 'yan Najeriya in sun yi oda, ta yi ɗinkinta, ta yi karatunta. In yana zuba bayanin jihohin da ba su da tabbas, takan ce "Allah sarki" a daidai wurin da ya kamata, ba tare da ta ɗaga kai daga ɗinkin ba. Ranar Alhamis tare suke zuwa cefane, shi ke tura keken kaya, ita tana zaɓar tumatir. In zafi ya sauka sukan taka zuwa lambun da ke kusa da su, su zauna a benci. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, don a Riyadh kowa haka yake yi da iyalinsa. Manyan 'ya'yansu maza biyu sun koma gida karatu tun tuni, ɗaya har ya yi aure a Kaduna. Auta Zahida ce kaɗai a gabansu, shekararta goma sha bakwai, a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu.

A watan Yuli na 2024 aka yi zaɓen Ingila, Leba ta yi kaca-kaca da Kwanzabatib kamar yadda alƙaluma suka nuna, Yaya Bashari yana ta fara'a kamar shi aka zaɓa. A makon ne kuma asibitinsu ya ba shi takarda. Kwantiraginsa zai ƙare a Disamba. Ko ya sabunta na shekara biyu, ko ya karɓi bizar fita ta dindindin, kuma suna son amsa kafin ƙarshen Satumba. Shekararsa hamsin da takwas, gidan da yake ginawa a Funtua an gama shi har fenti, ga jika an haifa masa bai gan shi ba sai a waya. Kowa ya san inda ransa yake.

Ranar Juma'a ina gidan, mun gama cin abincin rana, ya gyara zama ya ɗauko littafinsa.

"To jama'a, ni dai raina ya yi gida, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan yanke ni kaɗai ba. Azumi, me kika gani?"

"Duk yadda ka yi daidai ne, Malam," in ji ta, tana tattara kwanuka.

"Zahida fa?"

"Ala kaifak, Baba," ta ce, wato yadda ya ga dama, idonta na kan waya.

Sai na ga bawan Allah ya buɗe littafi ya rubuta wani abu, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya rufe yana murmushi. Na haɗiye maganata saboda Zahida. Da la'asar ya ɗauko mota zai mayar da ni Badi'a inda nake zaune, ko titin gidan ba mu bari ba na fara.

"Yaya Bashari, me ka rubuta a littafin nan?"

"Biyu bisa biyu. Ba mai adawa."

"Kai ko kunya ba ka ji ba? Shekara takwas kana damun mu da dokokinka, yau a zama ɗaya ka karya duka biyun. Ka fara da faɗin abin da kake so, sannan ka tambayi matarka a gaban 'yarta da ƙanwarta, ka tambayi 'yarka a gaban uwarta. Yaushe Yaya Azumi ta taɓa ce maka a'a a gaban mutane? Da wani kamfanin Amurka ne ya yi wannan aikin, da mun kwana muna jin zaginsa."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, har muka wuce mahaɗar da za mu juya, sai da ya yi dogon zagaye ya dawo. Da ya tsaya a ƙofar gidanmu ya kashe mota, ya ce, "Wallahi kin yi gaskiya, Sauda. Samfurin ya lalace. Sai an sake."

Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, don ba kullum nake kayar da Farfesa ba.

Mako guda ya yi yana shirya zaɓen gidansa, kuma ko hukumar zaɓe albarka. Ya ce ba za a yi rubutu ba, don ya san hannun kowa. Ya samo ƙwallon dabino huɗu da ƙwayar gyaɗa huɗu. Dabino zama Riyadh ne, gyaɗa komawa gida. Ya ɗauko langa mai murfi ya shimfiɗa tsumma a ciki, don kada a ji ƙarar abin da aka jefa daga falo. Kicin ne rumfar zaɓe, mutum ya shiga shi kaɗai ya ja ƙofa, ya jefa ɗaya a langa, ɗayan ya jefa a kwandon shara mai murfi. Da ya lissafa sai ya ga mutum uku sun yi kaɗan, tunda ya san tasa ƙuri'ar, sauran biyun ba wuyar ganewa. Shi ya sa ya ce ni ma in yi zaɓe, ba don ra'ayina zai yi aiki ba, sai don in rikita lissafi. Na ce na gode da wannan babban matsayi.

Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar, aka buɗe rumfa. Shi ya fara shiga, ya fito kafin ka ƙifta ido. Zahida ta shiga tana dariya tana cewa gidansu ya zama majalisa. Ni na shiga na jefa dabino ba tare da wani tunani ba, don ni dai ba na son a tafi a bar ni a garin nan ba 'yar'uwa. Yaya Azumi ce ƙarshe. Ta shiga ta ja ƙofa, muka zauna muna jira. Zahida ta gama amsa saƙonninta, ta ajiye waya, har yanzu shiru. Sai da ta yi kusan minti biyar ta fito tana goge fuska da gefen mayafi, ta ce ta tsaya rage wutar shayi ne.

Yaya Bashari ya ɗauko langar ya ajiye a tsakiyar darduma, ya yi bisimilla ya buɗe. Gyaɗa uku, dabino ɗaya.

A nan na yi wautar da har gobe nake jin haushin kaina a kanta. Kafin kowa ya yi magana na ce, "To ni dai dabinon nan nawa ne, kowa ya sani, ba na ɓoye-ɓoye!"

Ya dube ni kamar zai yi kuka don takaici, ya ce, "Haba Sauda! Ai don wannan na saka ki." Amma ina kallon fuskarsa, takaicin bai kai ciki ba. Na riga na warware masa lissafin, kuma lissafin ya fito yadda yake so. Da na yi shiru, da dole ya kwana yana tambayar kansa ko dabinon na matarsa ne. Mintuna biyar ɗin da ta yi a kicin kuwa, shi da ya saba lura da yadda Bature ke sosa kai kafin ya amsa tambaya, ya gan su sarai, ya bar su suka wuce. Ni ma na gan su na bar su. Ranar Lahadi ya kai wa asibiti amsa cewa zai tafi.

Zahida daga baya ta gaya mini cewa ita da gaske take son tafiya. Ta ce ta gaji da zama a garin da aka haife ta amma kullum sai ta nuna iƙama, katin da ke cewa baƙuwa ce, tana son jami'a a Zariya kusa da yayyenta. Yaya Azumi kuwa ta shiga sayen tsaraba, ta sallami masu odar dambu, ta fara ware abin da za a tafi da shi da wanda za a bayar. In na tambaye ta ko tana murna, sai ta ce, "Ai gida gida ne, Sauda." Na karɓi wannan a matsayin amsa, don ni ma ban so in tona ba.

A farkon Nuwamba masu jigilar kaya suka ce ranar Alhamis za su zo ɗaukar kwalaye. Ya zo daidai da makon zaɓen Amurka. Ranar Laraba da safe ba ni da aiki, na je taya su ɗauri. Zahida tana makaranta. Falon ya cika da kwalaye da igiya, talabijin ce kaɗai ba a naɗe ba, tana nuna taswirar Amurka, wasu jihohi ja wasu shuɗi. Yaya Bashari ya ɗauki hutun ranar musamman. Yana zaune a kan kwali da littafinsa a cinya, wayarsa tana ta ƙara, abokai na neman Farfesa ya fassara musu abin da ke faruwa. Mu kuwa muna ƙasa muna naɗe kayan kicin a tsofaffin jaridu.

Yaya Azumi ta ware mini tuli guda na abin da ba za ta tafi da shi ba, tukunyar lantarki, filas biyu, wasu kofuna. Sai ta ɗauko wani faranti na silba mai faɗi, gefensa ya ɗan lotsa, ta goge shi da mayafinta ta ɗora a kan tulina.

"Ki riƙe wannan ma. Can ba za a buƙace shi ba."

Ban san yana jin mu ba. Bai ɗauke ido daga talabijin ba ya ce, "A'a, wane farantin? Ba shi ne wanda muke cin abinci a ciki ba? Don me ba za a buƙace shi ba?"

"Ai can da maza za ka riƙa ci a zaure, Malam," ta ce. Ba da fushi ta faɗa ba, ba da gori ba, kamar mai faɗin ƙarfe nawa ne.

Ya juyo gaba ɗaya. "Kamar yaya?"

Ta ci gaba da naɗe kofi, ba ta dube shi ba. Ina jin da ba don hannunta na cikin aiki ba, da ba ta iya faɗin sauran ba.

"Tun da muka zo garin nan kwano ɗaya muke ci, ni da kai. Ba wata dabara ba ce, don ba kowa ne. Can kuwa akwai kowa. Duk hutun da muka je, wata guda cur, sau nawa muka ci tare? Da asuba ka fita, abokai da 'yan'uwa sun cika ƙofar gida, a kai maka naka can, ni ina ciki da mata. Kasuwa ma yara za a aika. Ba laifinka ba ne, haka ake yi. Ni kaina in ka shigo ka zauna kusa da ni a gaban Hajiya Biba, kunya za ta hana ni haɗiya."

Hajiya Biba yayarsa ce, ita ce babba a gidansu tun rasuwar iyayensu, kuma ba a yi mata wargi.

Wayarsa ta sake ƙara. Ya kife ta a kan kwali, ya miƙa hannu ya kashe talabijin, ana tsakiyar sanar da wata babbar jiha. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi haka ba.

"Azumi, to me ya sa kika jefa gyaɗa?"

"Na ɗauki dabinon," ta ce. "Har na buɗe langar. Sai na tuna yadda kake buɗe hoton gidan nan a waya kana kallo, kana tsammanin ban gani ba."

"Ai ba wanda zai san ke ce. Don haka na yi duk wahalar nan."

"Ni zan sani ai."

Tausayinta ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don ciki ɗaya muka fito, kusan kullum ina gidan, amma ban taɓa gane cewa zaman benci da turin keken cefanen nan su ne dukiyarta a ƙasar nan ba. Shi kuwa ya dubi littafin da ke cinyarsa kamar yau ya fara ganin sa.

"Tafiya ko zama kawai na tambaya," ya ce a hankali. "Ban tambayi abin da za ki rasa ba. Shekara talatin ina ganin laifin masu tsara tambaya."

"Ba komai, Malam. Ina son ganin yarana ni ma. Ka kunna abinka, kada a gama ba ka gani ba."

Bai kunna ba. Washegari da sassafe ya tafi ofishin ma'aikata na asibitin ya tambaya ko zai iya janye takardarsa. Suka karɓe shi da mutunci, suka ce sun riga sun ɗauki wanda zai maye gurbinsa, bizar fita ma ta fito. Ya dawo ya same mu masu jigila suna sauke kwalaye a bene. Bai yi wani dogon bayani ba, ya dai ce, "Khalas, shi ke nan, an rufe." Sai ya nufi tulin kayana da ke bakin ƙofa, ya zare farantin daga ƙarƙashin filas.

"Wannan ba ki samu ba, Sauda."

"Kyauta aka ba ni fa, Farfesa."

"An janye."

Bai ba masu jigila shi ba. A cikin akwatin tufafinsa ya saka shi, tsakanin manyan riguna. Yaya Azumi tana kallo ta ce, "Malam, dariya za a yi maka." Ya ce ya sani.

A ƙarshen Disamba na raka su filin jirgi. Na yi alkawarin ba zan yi kuka ba, na karya tun a mota. Bayan tafiyarsu nakan ji Malaz ta yi mini nisa, ko hanya ta biyo da ni ta can ba na son kallon benen. Mazan wurin hutawa har yanzu in musu ya yi zafi sukan kira shi a waya su sa a lasifika, ya raba musu gardama daga Funtua.

Ni dai abin da nake son ji daban ne, kuma na kasa tambaya, don ina tsoron amsar. Na san Funtua, na san zauren gidansu, na san bakin abokansa. Sai a watan Fabrairu, wata rana na fito hutun rabin sa'a a wurin aiki, na zauna a ɗakin nas-nas da abincina a roba, na kira ta. Muka gaisa, ta ba ni labarin jika da na Zahida da ke fama da Hausar 'yan ajinsu. Can na daure na ce, "Yaya, farantin fa?"

Ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce ranar farko da aka kai abinci zaure, ya sa wa baƙi albarka, ya ce su ci, shi zai shiga ciki. Suka ɗauka mantuwa ya yi zai dawo. Hajiya Biba tana tsakar gida ta riƙe baki, ta ce yau ga abin da zaman Larabawa ya jawo musu. Ita kuwa Yaya Azumi loma uku ta iya yi don kunya, ta roƙe shi ya rufa mata asiri ya koma waje. Ya ce shi ma kunyar yake ji, su ci a haka. Yanzu a ƙofar gida ba mai ce masa Farfesa, mijin-ta-ce suke kiran sa, har da masu tafa masa in ya miƙe.

"Kullum yake shigowa?" na ce.

"Kullum da rana. Ko ranar sunan ɗan ƙaninsa, da gida ya cika maƙil, sai da ya shigo."

Ta cikin wayar ina jiyo hayaniyar maza daga nesa, wani ya ɗaga murya ya faɗi wani abu, aka kwashe da dariya. Sai na ji ƙarar buta, da takun takalmi yana matsowa. Yaya Azumi ta rage murya kamar amarya.

"Sauda, bari zan kira ki an jima. Ga shi nan ya wanke hannu."

Ta kashe wayar. Na zauna ina kallon shinkafata da ta huce, ina dariya hawaye na zuba, har wata nas 'yar Filifin ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, yayata ce ke cin abincin rana.